NA JI SAUƘI: IN KOMA SHAN MAGANI?

Ɗan'uwa, wataƙila kai ne likita ya ce kana da gyambon babban hanji. Ka san wahalarsa: zawo da jini da majina, murɗar ciki, rama. Ka sha magani, jinin ya tsaya, har ka yi noman bana. Sai ka ajiye ƙwayoyin. Yanzu zuciyarka biyu: ka koma kansu, ko kuwa?

Wani ya ce maka, "Ai Allah ya warkar da kai. Komawa ga magani rashin bangaskiya ne." Bari mu auna wannan magana.

Da fari, ciwon nan ba irin atunin da a kan kashe cikin 'yan kwanaki ba ne. Ya kan kwanta, ya kan tashi, kamar garwashi cikin toka. Ƙwayar da a ke kira mesalazine ba ta tumɓuke shi, danne shi ta ke yi. Wanda ya bar ta, ciwonsa ya fi saurin tashi. In kuwa ya tashi da ƙarfi, daga Gidan Amumune sai Mayahi, wataƙila har Maraɗi ko Galmi.

Na biyu, ka duba 2 Sarakuna, sura 20. Sarki Hezekiya ya yi kuka, Ubangiji ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Wa ya warkar da shi? Allah. Ɓauren fa, wa ya halicce shi? Allah. Ashe addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Kai ma ka kan roƙi ruwa, amma ba ka bar hauya ba.

Za ka ce, "Kuɗin fa? Maganin nan yana cin hatsin 'ya'yana." Gaskiya ne. Amma in ka kwanta tsakiyar damina, wa zai nome musu? Yusufu a shekarun ƙoshi ya cika rumbuna, bai jira yunwa ba (Farawa 41). Kada ka ɓoye talaucinka. Ka gaya wa likita, ka gaya wa dattawan ikilisiya.

Saboda haka kada ka yanke shawara kai kaɗai, kada kuwa ka tono tsohuwar ƙwaya. Ka koma wurin likita tun kana kan ƙafarka. Jikin nan amana ne, gama Yesu ya saye ka da jininsa. Ka sha magani da godiya, ka dogara ga Mai Warkarwa.