Amanar Labari: Hukuncin Ɗauko Rubutun Wani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da mutum da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, wani matashi ya tare ni bayan sallar la'asar da tambaya. Ya ce shi yakan kwafe labaran jarida ya rarraba wa jama'a ta salula, wani lokaci ya cire sunan jaridar ya sa nasa. Shin akwai laifi? Na ce masa a cikin tambayar taka akwai abu biyu, ɗaya halas ne, ɗaya ha'inci ne.

Ku sani, labari da rubutun labari ba ɗaya ba ne. In ruwa ya ci gari, ko farashin hatsi ya tashi a kasuwa, wannan abu ne da ya faru, ba mallakar kowa ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasarmu take cikinta, ba ta ba kowa ikon mallakar labaran yau da kullum ba. Amma ɗan jaridar da ya hau mota ya je wurin, ya tambayi mutane, ya kwana yana tsara magana, wannan tsarin guminsa ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a take kiyayewa, bai halatta a ta'adda a kansa ba. Wanda ya kwashe rubutu sukutum ya sayar, ko ya tara jama'a da shi don ya samu kuɗin talla, ya shiga cikin cin dukiyar mutane da ɓarna, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana.

To, amma kada a zarce. Ɗauko jimla biyu ko uku domin hujja, ko domin gyara, ko domin karantarwa, wannan aikin malamai ne tun fil'azal. Da an hana shi da ba a rubuta sharhi ko guda ba, da littattafanmu na zaure ba su iso mu ba. Ita ma waccan yarjejeniya ta yarda da shi a sashenta na 10, da sharaɗin kada a wuce bukata, kuma a ambaci inda aka ɗauko da sunan mai shi.

A Amurka, a 2008, kamfanin dillancin labarai na AP ya nemi wani mutum ya goge 'yan guntayen labaransa da aka kwafa, waɗanda ba su kai kalma 80 ba. A lokacin ne mutane suka lura da wani jadawalin farashi mai rakiyar labaran kamfanin: kalma 5 zuwa 25, dala 12 da rabi. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba! Jama'a suka yi ca, kamfanin ya sassauta. A ganina wannan ƙunci ne. Ladan aiki halas ne. Malamanmu na Malikiyya sun halatta karɓar lada ko a kan karantar da Alƙur'ani. Amma a ɗora awo a kan kalma biyar, talaka ya rasa bakin da zai ce wane ya faɗi kaza kuma bai yi daidai ba, wannan ya kusanci ɓoye ilimi. Batun manyan 'yan kasuwa daban ne: a 2021 hukumar Faransa ta ci kamfanin Google tarar yuro miliyan 500 a kan rikicin biyan masu jaridu. Can riba ce ake ci da gumin wasu.

Abin da ya fi damuna shi ne cire suna. Mu al'ummar isnadi ce. Magabata sukan yi tafiyar watanni don su ji hadisi guda daga bakin mai shi, su ce wane ya ba ni labari daga wane. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, ya wallafa risala musamman a kan bambanci tsakanin mawallafi da ɓarawo, saboda an kwashi aikinsa ba a ambace shi ba. Kuma in ka cire suna, ka yanke wa mai karatu hanyar bincike, alhali aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurce mu da tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi. Ta yaya za a tabbatar da abin da ba a san mafarinsa ba? Ƙarya nawa ta shiga gidajenmu ta wannan ƙofa, an ce, an ce, babu mai cewa?

Shi dai matashin, na ce masa: ɗauko kaɗan, ka ambaci jaridar da marubucin da ranar fitowa, sauran ka faɗa da bakinka. In kana son rubutun gaba ɗaya, ka nemi izini. In sun sa kuɗi mai dacewa, ka biya. Wanda ka riga ka sa wa sunanka kuwa, ka koma ga waɗanda ka aika wa ka shaida musu mai shi. Ya ce wannan na ƙarshe da nauyi. Na ce ƙwarai, da nauyi.

Allah shi ne mafi sani.