A Kira Shi da Sunansa

Karatun yau: 2 Sama'ila 9:1-13
Ayar haddacewa: Zabura 68:6

Wanda ya rasa wurin kwana, a hankali yakan rasa sunansa ma. Sai ka ji ana ce masa "na ƙarƙashin gada", ko "ɗan ƙwaya", ko "mahaukacin tasha". Gari ya waye ba mai jiransa, dare ya yi ba mai tambayar inda ya shiga. Yunwa da zafi, sanyin hunturu ma haka, amma ciwon zama wanda ba mai nemansa ya fi su daɗewa a zuciya.

Mefiboshet ya ɗanɗana irin wannan. Jikan Sarki Saul ne, ɗan Jonatan. Yana da shekara 5 labari ya zo cewa kakansa da mahaifinsa sun mutu a bakin dāga. Mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya fāɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. A karatunmu na yau mun same shi a Lodebar, yana raɓe a gidan wani mutum mai suna Makir. Da aka kai shi gaban Dawuda, sai ya kwatanta kansa da mushen kare. Haka wulakanci yake yi wa mutum, har ya yarda da sunan da duniya ta laƙaba masa.

Lura da abin da Dawuda ya yi. Shi ya fara cigiya. Ya aika aka ɗauko mutumin, ya kira shi da sunansa, ya kwantar masa da hankali, ya mayar masa da gonakin kakansa. Sa'an nan ya ba shi wurin zama a teburin sarki, kowace rana. Da Dawuda ya ga dama, da ya aika da buhun hatsi Lodebar ya huta. Amma ya san mutumin yana bukatar wurin da in bai zo ba za a ga kujerarsa a wofi.

A zamaninmu akwai waɗanda suka gane wannan gaskiya, suka kuwa bi ta hanyar da ba a zata ba, wato ƙwallon ƙafa. A shekarar 2001, a wani taro a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, mutum biyu masu aikin jaridun da marasa matsuguni suke sayarwa a titi, Mel Young daga Sikotland da Harald Schmied daga Ostiriya, suka yi shawarar haɗa wa irin waɗannan mutane gasa tasu. A 2003 aka buga Gasar Kofin Duniya ta Marasa Matsuguni ta farko a birnin Graz na Ostiriya, ƙasashe 18 suka halarta. A 2006 gasar ta zo Afirka, aka yi ta a Cape Town. Najeriya ma ta taɓa tura 'yan wasanta.

Wasan gajere ne: mutum huɗu-huɗu a ƙaramin fili, minti 7 a juya a ƙara 7. Amma dubi abin da yake faruwa kafin a hura usur. Mutumin da ya manta da bambancin Litinin da Asabar, yanzu yana da ranar atisaye da lokacinsa. In bai zo ba, koci zai neme shi. In ya kwana yana sha, abokan wasansa za su ji a jikinsu, shi ma ya sani. A bakin filin nan ne masu taimako suke samun zarafin haɗa shi da masu ba da ɗaki, da masu jinyar shaye-shaye, da masu koyar da sana'a. In aka zaɓe shi zuwa gasar, dole a yi masa fasfo mai ɗauke da sunansa da hotonsa. Ya sa rigar ƙasarsa, ya tsaya a bayan tutarta, jama'ar da a dā suke kauce masa a hanya su tafa masa. An kuma tsara gasar yadda ba a sallamar kowace tawaga tun zagayen farko. Ko an lallasa ku, kuna da wasa har ƙarshe.

Ga misalin David Duke, mutumin Gilasgo. Bayan rasuwar mahaifinsa ya fāɗa cikin shan giya, har ya rasa matsuguni. A 2004 ya buga wa Sikotland wannan gasa a ƙasar Suwidin. A 2007 shi ya jagoranci tawagar ƙasarsa ta ci kofin a Denmak. A 2009 ya kafa ƙungiyar Street Soccer Scotland domin ya buɗe wa waɗansu ƙofar da aka buɗe masa. Wanda aka ɗauko daga Lodebar, shi ya fi kowa sanin hanyar zuwa can.

Kada ka ɗauka ƙwallo tana gina gida, balle ta wanke zunubi. Akwai waɗanda sukan dawo daga gasar su sāke zamewa, sai an sāke kama hannunsu. Karatunmu ma ya rufe da tunasar da mu cewa ƙafafun Mefiboshet suna nan yadda suke. Gurgu ne, amma gurgu a teburin sarki. An karɓe shi tun bai warke ba. Mu kuwa sau da yawa mukan juya lissafin: sai ka yi wanka, ka bar shan taba, ka sami riga mai kyau, sa'an nan ka zauna kusa da mu a majami'a.

Ɗan'uwa, ba haka Allah ya yi da kai ba. Yesu Almasihu, wanda shi kansa ba shi da wurin da zai sa kansa a kwanakin hidimarsa, ya mutu dominka tun kana cikin zunubi. Ya neme ka, ya kira ka da sunanka, ya sa ka cikin iyalinsa. In mutane da ƙwallo ɗaya da usur sun iya mayar wa mutum martabarsa, ina ga ikkilisiyar da take da Ruhu Mai Tsarki, da matasa, da fili, da tukunyar zumuntar mata?

Wataƙila kuma kai mai karanta wannan shafi, kai ne a Lodebar. Kana raɓe a shagon wani, ko a ɗakin aboki, kunya ta hana ka faɗa wa kowa. Sarki yana cigiyarka yau. Abin da ya kayar da kai bai soke alkawarin da Allah ya yi a kanka ba. Tashi ka yi magana da fasto ko wani dattijon ikkilisiya, kada ka ci gaba da ɗaukar kayan nan kai kaɗai.

Abin yi: A wannan mako, ka tsaya wurin mutum ɗaya da ka saba wucewa a tasha ko bakin kasuwa. Ka gaishe shi, ka tambayi sunansa, ka riƙe sunan. In matasanku suna buga ƙwallo da yamma, ku gayyace shi, ku ba shi riga, ku ci abinci tare bayan wasa. Ranar da bai zo ba, ku je nemansa.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin ka neme ni sa'ad da ba mai nemana. Ka buɗe idanuna in ga waɗanda aka manta da su a garinmu. Ka ba ni zuciya irin ta Dawuda. Kowane ɗanka da yake kwana a waje yau, ka buɗe masa ƙofar gida da ta aiki, ka karya kowace sarƙar shaye-shaye da fid da zuciya a rayuwarsa. A cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.