Hukuncin Kyautar Cakulan Ta Hannu Tsakanin Masoya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata al'ada a ƙasar Japan wadda ta cancanci Musulmi ya dube ta da idon basira. A ranar 14 ga Fabrairu mata ne suke ba maza cakulan, kuma sun raba kyautar gida biyu. Akwai wadda suke kira giri, watau ta fita kunya, wadda ake saye a kanti a rarraba wa abokan aiki. Akwai kuma honmei, wadda ake keɓe wa masoyi, kuma sau da yawa mace da hannunta take narka ta, ta zuba a mazubi, ta naɗe a kwali. Kamfanonin alawa ne suka yaɗa al'adar tun shekarun 1950, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1970 suka ƙara da ranar 14 ga Maris, inda ake sa rai namiji ya rama da abin da ya fi wanda aka ba shi tsada. To, mene ne matsayin irin wannan kyauta a Musulunci?

Da farko dai ita kanta kyauta sunna ce. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta yana kuma sāka wa wanda ya ba shi, kuma yana son kayan zaƙi da zuma. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira umurnin yi wa juna kyauta domin soyayya ta ƙullu. A hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuwa an bayyana cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa, in ya nufi Allah, yana da lada a kanta. Saboda haka miji ko mata da ya ɓata dare yana haɗa wa abokin zamansa cakulan, yana kan tafarkin ƙauna da jinƙai da Allah Ya ambata tsakanin ma'aurata a aya ta 21 ta Suratur Rum. Kada kuma magidanci ya ɗauka shiga kicin zubar da girma ne, gama fiyayyen halitta ya kasance yana taya iyalinsa hidimar gida.

Amma fa akwai sharuɗɗa huɗu waɗanda in aka tsallake su zaƙin yakan koma ɗaci.

Sharaɗi na farko, wanda za a ba. Matar aure da mijinta babu magana. Wanda yake neman aure da sanin iyayen yarinya shi ma Shari'a ba ta hana shi kai toshi ba, matuƙar babu keɓancewa. Inda ɓarna take shi ne kyautar da ake miƙawa a ɓoye, aka mai da ita tarko, yarinya ta karɓi kwali ɗaya ta wayi gari tana ganin ana bin ta bashin da ba a biyansa sai da mutunci. Aya ta 32 ta Suratul Isra'i ta hana ko da kusantar alfasha, kuma duk abin da yake share hanya zuwa gare ta ya shiga cikin hanin. Abin takaici ma shi ne a ga magidanci yana ɗawainiyar naɗa wa ta waje, alhali uwar 'ya'yansa ta shekara goma ba ta ga ko alawar madara daga hannunsa ba.

Sharaɗi na biyu, lokaci. Malamai da yawa sun hana Musulmi ya riƙi ranar 14 ga Fabrairu a matsayin biki, domin asalinta daga wani addini ne, kuma idin Musulmi biyu ne, ƙaramar Salla da babba. Hanin ya shafi ranar ne, bai haramta cakulan ba. Sauran kwanakin shekara a buɗe suke, kuma kyautar da ta zo ba zato ta fi ratsa zuciya bisa ga wadda kalanda ta tilasta.

Sharaɗi na uku, abin da ke ciki. Koko da sukari da madara halal ne. Sai dai akwai cakulan na ƙasashen Turai da ake cusa wa giya a ciki, akwai kuma kayan cushe masu danƙo da ake yi da jalatin na alade. Ruwan banila ma da barasa ake tatso shi, har dokar Amurka ta ƙayyade kada barasar ta gaza kashi 35 cikin 100. Malamai sun yi saɓani game da 'yar ƙanƙanuwar da take ɓacewa cikin abinci, amma mai tsantseni sai ya nemi ƙwayar banila ko garinta ya huta. A nan ne aikin hannu ya fi na kanti, domin mai yi ya san abin da ya zuba. Dabino da soyayyar gyaɗa da zuma da kwakwa sun ishe shi.

Aikin kuwa yana son haƙuri da kyautatawa, waɗanda Allah Yake so a kowane abu. Ana ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi a narka baƙin cakulan har ya kai digiri 45 zuwa 50, a huce shi zuwa 27, a sake ɗumama shi zuwa 31, sa'an nan a zuba. Wanda ya yi gaggawa zai ga nasa ya fito da farin dusashe, ba ya ƙyalli. Ɗigon ruwa kaɗan in ya faɗa ciki sai ya dunƙule. Man koko kuma yana narkewa a wajen digiri 34, don haka a ƙasar zafi wajibi ne a adana shi a sanyi, a kai shi da yamma, kada wahala ta tashi banza.

Sharaɗi na huɗu, niyya da naɗi. Kwali mai tsabta da takarda da ɗan zare girmama wanda za a ba ne, babu laifi. Amma a ci bashi domin kwalin da ya fi abin da ke ciki tsada, ko domin a ɗauki hoto a nuna wa duniya, wannan almubazzaranci ne da riya. Haka kuma bayarwa da lissafin a ramo da ninki ciniki ne aka sa masa rigar kyauta, kuma aya ta 6 ta Suratul Muddassir ta hori Annabi da kada ya bayar domin neman ƙari. Wanda aka ba shi ne Sunna ta ɗora wa sākawa gwargwadon ƙarfinsa, in bai samu ba ya yi addu'a. Yaba kyauta tukuici. Shi kuma mai bayarwa ya kiyayi gori ran da aka yi faɗa, ya kiyayi karɓe abin da ya bayar, domin hadisin Ibnu Abbas ya kamanta mai yin haka da kare mai komawa ga amansa.

Wanda kuma ba shi da halin cakulan kada ya ƙuntata. Farashin koko ya haura dala 10,000 kowace tan a shekarar 2024, ko da yake kimanin rabin kokon duniya daga Kodebuwa da Gana yake fitowa. An hori mata Musulmi da kada su raina kyautar maƙwabciya ko da kofaton akuya ne, ballantana ma'aurata. Nakiya da alkaki da dubulan da iyaye mata suke kwana suna yi wa 'ya'yansu na gara, ai su ma aikin hannu ne da ƙauna ta sa, kuma ladarsu tana ga niyya.

Allah Ya sanya ƙauna da jinƙai a gidajen Musulmi, Ya tsare matasa daga tarkon Shaiɗan, Ya tsarkake abin da ake ci da abin da ake bayarwa. Allah ne Mafi sani.