Kwaɗayin Dare

A da can, in mutum ya yi ƙiba ya ajiye tumbi, sai a ce Allah ya buɗa masa, har 'yan'uwa su taya shi murna. Yanzu kuwa likitoci sun tabbatar yawan ƙiba ƙofa ce wadda ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa su kan bi su shiga jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya ƙibarsa ta kai ta cuta. Saboda haka mutane da yawa sun shiga neman rage jiki, waɗansu don likita ya gargaɗe su, waɗansu don sun ga ruku'u da sujada sun soma yi musu wuya.

To, akwai wani abu da ke damun masu wannan ƙoƙari kusan dukansu. Da safe mutum ya kan tashi da niyya mai ƙarfi, ya kurɓi koko ba sukari, ko ma ya ƙi karya kumallo sam. Da rana a kawo shinkafa, ya ɗan taɓa ya ture. Sai bayan lisha, gari ya yi sanyi, mai tsire ya hura wuta, mai shayi ya kafa teburinsa, nan fa niyyar nan za ta narke kamar man shanu a rana. Ya ci tsire ya bi da lemon kwalba, ya komo gida ya buɗe kwanon da aka rufe don ɗumame. Kashegari ya farka yana zagin kansa, yana cewa shi ba shi da zuciya.

Shin wannan raunin hali ne, watau kwaɗayin nan da aka ce shi ne mabuɗin wahala, ko kuwa abu ne da ya fi ƙarfin ɗan Adam? Tambayar tana da nauyi, domin wanda ya ɗauka shi lalatacce ne ya kan fid da rai ya bar ƙoƙari, wanda kuma ya ɗauka ba laifinsa ko kaɗan ya kan saki jiki ya ci son ransa. Dukansu biyu wurin likita za su ƙare.

Ya kamata a fara jin ta bakin jiki tukuna, don ba a yanke hukunci ba a ji daga wanda a ke ƙara ba. A shekarar 2013 waɗansu masana a Amurka suka ba da labarin wani gwaji da suka yi. Sun ajiye mutum 12 har kwana 13 a ɗakuna masu dusasshen haske, inda ba su iya sanin dare ko rana, suna tambayarsu yadda su ke jin yunwa. Sai aka tarar yunwa tana da nata agogo a cikin jiki: ta fi kwantawa wajen ƙarfe 8 na safe, ta fi tashi wajen ƙarfe 8 na dare, musamman sha'awar zaƙi da gishiri da abinci mai nauyi. Ashe ke nan ƙin karya kumallo ba wata jarumtaka ba ce, don a lokacin abokin gaba barci ya ke yi.

Barci ma yana da hannu a ciki. Akwai sinadarai biyu da ke yawo a cikin jini suna kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ɗaya sunansa leftin, kitsen jiki ke fitar da shi, saƙonsa kuwa shi ne akwai ajiya, ba a bukatar ƙari; an gano shi a 1994. Ɗayan girelin, daga tumbi ya ke fitowa yana kukan yunwa. An gano shi a Japan a 1999. A 2004 masanan Jami'ar Shikago suka sa samari 12 su yi barcin awa 4 kaɗai dare biyu a jere, sai leftin ya ragu, girelin ya ƙaru, samarin suka riƙa marmarin kayan zaƙi fiye da sa'ad da aka bar su suka yi barci isasshe. Wanda ya raba dare yana hira ko yana latsa waya, shi da kansa ya ke ƙara wa kwaɗayinsa itace.

Amma gwajin da ya fi ban tsoro shi ne wanda wani masani mai suna Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minesota a 1944 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Samari 36 masu lafiya da hankali suka yarda aka rage musu abinci kusan rabi har wata 6. Kafin a gama, ba su da zance sai na abinci, ba su da mafarki sai nasa, har waɗansu suka shiga tara littattafan girki suna kallon hotuna. Da aka sake su, waɗansu suka yi ta ci ba su jin ƙoshi. Mutanen nan ba makwaɗaita ba ne, horon yunwa ne ya mai da su haka. Hausawa sun riga sun faɗa, yunwa a ba ki a huta.

To, in haka ne, sai a ce mutum ba shi da laifi ke nan? A'a. Yana da alhaki, sai dai ba a inda ya ke nemansa ba. Shi yana tuhumar kansa a kan abin da ya yi ƙarfe 10 na dare a gaban tukubar mai tsire, alhali kuwa tun da hantsi aka yi ɓarnar, sa'ad da ya hana cikinsa hakkinsa don ya ji daɗin cewa ya yi ƙoƙari. Wannan ma wani irin son zuciya ne, watau son a rage cikin mako ɗaya abin da aka tara cikin shekara goma. Ciki amana ne, wanda ya zalunce shi da rana kuwa zai biya bashin da dare.

Mutane su kan ɗauka haƙuri shi ne mutum ya tsaya ƙyam gaban abin da ransa ke so ya cije. Wani malamin sanin halayyar ɗan Adam, Walter Mischel, ya gwada yara ƙanana a Jami'ar Stanford wajen 1970. A kan ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce in ya jira za a ba shi biyu. Yaran da suka ƙura wa alewar ido ba su kan daɗe ba. Waɗanda suka jure su ne masu rufe ido, ko su juya baya, ko su kama waƙa da wasa. Haƙurinsu dabara ce. Babba ma haka ya ke: in ya san hanyar gidansa ta bi ta gaban mai tsire, ya sake hanya, in ya san cincin ko biskit a ɗaka ba ya kwana, kada ya shigo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran dabarun ba su da tsada. A karya kumallo, a ci na rana da abin da ke daɗewa a ciki, kamar wake da ƙwai da kifi da nono da kwaɗon zogale ko na rama. A ci tuwon dare da wuri, miya da yawa tuwo kaɗan, a zaune, ba a tsaye ba. A lura da abin sha, don Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawara kada sukarin babban mutum ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi, ga shi kuwa kwalbar lemo ɗaya ta kan wuce shidan nan ita kaɗai. In kwaɗayi ya taso, mutum ya tambayi kansa ko zai iya cin dafaffen wake ba mai. In zai iya, yunwa ce ta gaskiya, ya ci kaɗan ya kwanta. In kuwa ba abin da zai shiga sai tsire, to, ba ciki ke kira ba, watakila gajiya ce ko kaɗaici ko ɓacin rai, waɗannan kuwa nama ba ya maganinsu. Ya sha ruwa, ya goge baki da asuwaki, ya ɗan zaga; sau da yawa kafin ya komo abin ya lafa.

Akwai kuma hakkin da ke kan abokan zama. A al'adar Hausa, in an ce wa mutum bisimilla ya ƙi, a kan ga kamar girman kai ne ko ƙyama, mai gida kuma ba ya jin ya karrama baƙo sai ya tilasa masa ƙari. Al'adar tana da kyau, amma wanda ya san likita ya hana abokinsa, ya kuma dinga tura masa tsinken tsire a majalisa yana yi masa ba'a, wannan ba karimci ya ke yi ba. Uwargida ma da ke cika kwano don kada a ce ba ta kula da miji, gara a zauna da ita a yi mata bayani, don ita ke riƙe da ludayi.

Wanda ya zame dare ɗaya, kada ya ce zai rama da yini da yunwa kashegari, don ramin da ya faɗa jiya shi ya ke sake haƙawa. Ya tashi ya karya kumallo kamar kullum. Amma wanda ya ga kusan kowane dare sai ya farka daga barci ya ci sa'an nan barci ya ɗauke shi, da safe kuwa ba ya sha'awar kome, wannan ciwo ne sananne, wani likita mai suna Albert Stunkard ya bayyana shi tun 1955, asibiti ya kamace shi. Haka kuma mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, in ya ji rawar jiki da gumi da dare, kada ya tsaya gwada haƙuri, mai yiwuwa sukarinsa ne ya faɗi. Ya sha abu mai zaƙi nan take, gari na wayewa ya je ya gaya wa likitansa.