Ƙwallo Ya Miƙe, Hannu Fa?

A wasan golf, idan fuskar sanda ta karkace wajen bugu, ƙwallo ya kan kauce hanya. A 1977 aka fara sayar da wani ƙwallo a Amurka, Polara, wanda aka bambanta zurfin ƙananan ramukan jikinsa domin ya rage kaucewar da kansa. A 1981 hukumar wasan ta kafa dokar da ta hana shi shiga gasa.

Mu dai muna gani ta yi daidai. Mai bugawa domin shan iska ba shi da laifi. Amma ƙwallo ne ya miƙe, hannu yana nan a karkace. Haka mu ke yi sa'anda mu ke son mai rufe mana kuskure, muna ƙin mai tsauta mana. 'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.