Rana ba ta ƙarya? Tunani kan juya kwanan wata da kwamfuta

Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi kunya. Magana ce ta masu sa ranar biki: ranar da aka yanke tana nan tafe, ko an shirya ko ba a shirya ba. To, wannan ranar da ke gaba ke nan. Ranar da ta wuce fa, wadda wani malami ya rubuta da alƙalamin kara a ƙarshen littafinsa shekara ɗari biyu da suka gabata? A yau duk mai wayar hannu ko kwamfuta yana iya zuba kwanan watan Hijira cikin manhaja, kafin ƙiftawar ido ta ba shi na Miladiyya, da rana da wata da shekara, babu inda-inda. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce: amsar da ta fito babu shakka a cikinta, dole ne ta zama gaskiya? In kuma ba dole ba ne, alhakin kuskuren yana wuyan wa?

Bari mu fara da yadda na'urar ke aiki, domin rashin sani ya fi dare duhu. Galibin waɗannan manhajoji suna mai da kowace rana lamba guda, bisa wani ƙidayar kwanaki da ya samo asali daga aikin masanin nan na Faransa, Joseph Scaliger, a shekarar 1583. Ƙidayar ta faro ne daga 1 ga Janairu na shekara ta 4713 kafin haihuwar Annabi Isa, ta yadda tsakar ranar 1 ga Janairu 2000 ta zama lamba 2,451,545. Daga wannan lamba sai a fita zuwa duk kalandar da ake so. A ɓangaren Hijira kuwa, na'urar tana bin wani jadawali ne na lissafi: wata mai kwana 30, mai bi masa 29, shekara kwana 354, sannan a cikin kowace shekara 30 a ƙara wa 11 kwana ɗai-ɗai, jimla kwana 10,631. Mafarin lissafin shi ne 16 ga Yuli 622, ko 15 ga watan a wajen wasu masana taurari. Tun daga tushe ke nan akwai kwana guda da ke lilo.

Babu mai musun alherin wannan abu. A da, mai binciken tarihi sai ya nemi littattafan jadawali irin wanda Bajamushe Ferdinand Wüstenfeld ya wallafa a 1854, waɗanda ba kowane ɗakin karatu ke da su ba. Yanzu ɗalibi a Tawa ko Madawa yana iya tabbatar wa kansa cewa ranar ƙarshe ta Safar 1168, wadda aka ruwaito an haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, ta dace da 15 ga Disamba 1754, kuma lissafi ya nuna Lahadi ce kamar yadda ruwaya ta faɗa. Yana iya ganin cewa 3 ga Jimada Akhir 1232, ranar rasuwar Shehu, ita ce 20 ga Afrilu 1817. Daga nan zai gane abin da ya sa wani ya ce Shehu ya yi shekara 64 a duniya, wani ya ce 62, kuma babu maƙaryaci a cikinsu: ɗaya da wata yake ƙirgawa, ɗaya da rana, shekara 33 ta wata kuwa kusan shekara 32 ce ta rana. Sanin da a da yake hannun ƴan ƙalilan ya shiga aljihun kowa. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa.

Sai dai al'ummarmu ba da jadawali take kama wata ba, da ido take kamawa. Ba sai mun je nesa ba: a shekarar 2024 mutanen Nijar sun yi ƙaramar Salla ranar Talata 9 ga Afrilu, alhali Saudiyya da Najeriya sai Laraba 10 ga watan. Haka a 2022 an yi Salla a nan ranar Lahadi 1 ga Mayu, wasu ƙasashe kuwa sai Litinin. Wayoyi da yawa suna bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ne. Mu ɗauka bayan shekara ɗari wani mai bincike ya tsinci wasiƙar da wani liman na Maraɗi ya rubuta ranar 1 ga Shawwal 1445. Na'ura za ta ce masa 10 ga Afrilu, shi kuma ya rubuta haka da ƙarfin zuciya, alhali limamin ya ninke takardarsa tun ranar Talata. In har hakan na iya faruwa a zamanin rediyo da tauraron ɗan'adam, ina ga zamanin da labarin ganin wata ke tafiya bisa doki, Damagaram ta kama azumi yau, Agadas gobe? Ƙari a kan haka, ranar Hijira daga faɗuwar rana take farawa, ta Miladiyya daga tsakar dare. Abin da ya auku bayan sallar isha'i a daren Jumma'a, a lissafin Turawa ranar Alhamis ya auku.

Wani lokaci ma matsalar tana cikin abin da aka ba na'urar. Yaƙin Tondibi, inda rundunar Maroko ta karya daular Songai a shekarar 999 ta Hijira, wasu littattafai sun sa shi 13 ga Maris 1591, wasu 12 ga Afrilu. Duka biyun lissafinsu daidai ne: na farko 17 ga Jimada Ula ne, na biyu 17 ga Jimada Akhir, saɓanin yana cikin ruwayoyin ne tun asali. Ga kuma ramzi, wato al'adar malamanmu ta ɓoye shekarar rubutu cikin haruffan wata kalma. A ƙasashenmu tsarin Magrib ake bi, inda harafin shinun yake 1000, alhali a tsarin Gabas 300 ne. Ɗauki haruffa uku, shinun da kaf da ra. A lissafin malamin Gobir sun ba da 1220, wato 1805 zuwa 1806. A lissafin Gabas 520 ne, wato wajen 1126. Wanda ya yi amfani da manhajar da aka gina kan tsarin Gabas, zai tura marubucin baya da shekara 700 ba tare da na'urar ta yi ko tari ba. Dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, waɗanda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tattara su, suna buƙatar wanda ya san irin waɗannan tarkuna kafin ya taɓa maɓalli.

Kada mai karatu ya zaci kalandar Turawa ita ce ƙasa mai ƙarfi da za a kafa ƙafa a kai. A 1582, bisa umarnin Paparoma Giregori na 13, an kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka wayi gari Jumma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, inda ta tsallake kwana 11. Rasha sai 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ya faɗo 7 ga Nuwamba 1917. Ita kanta manhajar Excel, wadda ofisoshinmu ke dogaro da ita, tana karɓar 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yin ta ba, kuma a tsarinta na yau da kullum ba ta ɗaukar abin da ya gabaci 1900 a matsayin kwanan wata. Zamanin Tanimun da na Amadu Kuran Daga, har yaƙin Tirmini na 1899, duk suna bayan katangarta. Kowace kalanda yarjejeniya ce ta mutane, kowace manhaja kuma hannun mutum ne ya saƙa ta.

A nan ne maganar ta tashi daga lissafi ta koma ɗabi'a. Dubi tsofaffin takardun shaida na iyayenmu. Da yawa an rubuta musu da Faransanci « né vers 1950 », wato an haife shi wajen 1950. Wannan ƴar kalma, wajen, kalma ce ta mutunci. Magatakardan da ya rubuta ta ya faɗi iyakar abin da ya sani, ya tsaya. Da kwamfuta ta shigo, gurbinta ba ya karɓar wajen, sai rana da wata da shekara, aka shiga cika gurbin da 1 ga Janairu. Ga jama'a birjik waɗanda takarda ta ce rana ɗaya aka haife su. Tsohuwar da ta haifi ɗanta ta san da kaka ta haife shi, ana tsakiyar girbin gero, shekara biyu bayan wata yunwa. Saninta ya fi na takarda kusa da gaskiya, amma na takarda ne ke yanke shekarar da zai yi ritaya. Mutanenmu sun daɗe suna ƙirga zamani da abin da ya same su: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko El-Buhari ta 1984 zuwa 1985, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Irin wannan lissafi bai kai kaifin lamba ba, amma ba ya da'awar abin da bai sani ba.

Wani zai ce: ai hukuma ba ta tafiya da wataƙila, makaranta da asibiti da kotu duk suna son lamba, kuma kwana ɗaya ko biyu me zai rage wa tarihin daula? Akwai gaskiya a ciki. Al'ummar da ba ta yarda da ma'auni guda ba, ciniki ma sai ya gagare ta, kuma sau da yawa kuskuren kwana guda ba ya cutar da kowa. Amma illar ba ta tsaya ga girman kuskuren ba. Tana cikin ɗabi'ar da yake koya mana, ta ɗaukar kaifin amsa a matsayin hujjar ingancinta. Mutum in ya ba ka labari yana kokwanto, kana ji a muryarsa, kana gani a fuskarsa, sai ka auna. Na'ura ba ta da fuskar da za ta yi kunya. Murya ɗaya take faɗin abin da yake tabbas da abin da yake ƙiyasi. Wanda ya kwafe ƙiyasi ya sa a littafi ba tare da alama ba, ya sayar wa na baya jabu da sunan zinariya, ko da bai yi niyya ba. Na gaba ya kwafa daga gare shi, na gaba da shi ya kafa hujja da su biyun, cikin ƴan shekaru ƙiyasi ya yi rawani ya hau karagar tarihi.

Akwai kuma abin da ba ya ƙetarewa ko da lissafi ya fita daidai. Wanda ya rubuta 27 ga Ramadan ya faɗi fiye da kwanan wata: ya faɗi ƙishirwar yini da tsayuwar dare. In an mai da shi 14 ga wani wata, lamba ta iso, sauran sun zube a hanya. Manomin da ke bin taurarin damina, Haƙ'a da Han'a da Zira'a da sauransu, kowane da kwanansa 13, yana ƙirga lokaci ne da shuka da noma da maimai. Mu lura kuma da inda juyin ke fuskanta kullum. Muna mai da ranakun Gobir da Katsina da Damagaram zuwa Miladiyya don su zama tarihi, amma da wuya wani ya tambayi wace rana ce 3 ga Agusta 1960 a watan Hijira, alhali 9 ko 10 ga Safar 1380 ce. Kalandar da ake juyawa zuwa gare ta ita ce ta zama alƙali, ɗayar kuwa mai ba da shaida. Ba laifi ba ne a sami harshen da duniya ke haɗuwa a kansa, amma ya kamata mu san cewa zaɓi ne muka yi, ba haka Allah ya halicci kwanaki ba.

Saboda haka abin da ake bukata ga malamin makaranta da ɗan jarida da mai bincike ladabi ne mai sauƙi. A rubuta kwanan watan asali yadda mai shi ya rubuta, sannan a biyo da wanda aka juya. In marubucin ya ambaci ranar mako, a riƙe ta gam, domin Jumma'a Jumma'a ce a Zandar da Paris, kuma ita ce ke gyara kwanan da jadawali ya goce. In bai ambata ba, a sanar da mai karatu cewa ana iya samun ratar kwana ɗaya ko biyu. In shekara kaɗai aka sani, a ba da shekaru biyun Miladiyya da ta ratsa, kada a zaɓi ɗaya don gurbi ya cika. Inda kuma wajen ne kawai a hannu, a bar shi wajen, a nemi masu tsara manhajojin hukuma su buɗa masa gurbi.

Ranar da ta wuce amana ce da waɗanda suka rigaye mu suka bari, su kuwa ba su da bakin gyara mu. Kwamfuta ta sauƙaƙa mana ɗaukar wannan amana, amma ba ta sauke ta daga kanmu ba. Rana dai ba ta ƙarya. In an sami ƙarya a kwanan wata, a nemi wanda ya rubuta tabbas a inda ya kamata ya rubuta wajen.