Sunan manaja da awannin da ba a biya

A Amurka akwai dokar ƙwadago ta 1938 da ta ce ma'aikacin da ya wuce awa 40 a mako, kowace awa da ya ƙara sai a biya shi kuɗinta ɗaya da rabi. Amma dokar ta cire shugabanni, wato masu albashi tsayayye da babban aikinsu shi ne juya ma'aikata. Hujjar ba ta banza ba ce: shugaba shi ke tsara lokacinsa, kuma albashinsa ya riga ya rufe wahalarsa.

To, idan sunan ne kawai aka ba mutum fa? Kamfanin Family Dollar mai ƙananan kantuna ya kira masu riƙe masa shaguna manajoji, alhali yawancin yininsu a sauke kaya daga mota, jera su a kanta, karɓar kuɗi da shara yake ƙarewa, awa 60 zuwa 70 a mako. Su fiye da 1,400 suka haɗa kai suka kai ƙara, a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar musu da diyyar sama da dala miliyan 35.

Yau irin wannan haɗin kai ya yi wuya. Kamfanoni da yawa, tun ranar ɗaukar aiki, suna miƙa wa mutum takarda ya sa hannu cewa in saɓani ya taso ba zai je kotu ba, sai gaban mai sasantawa, kuma shi kaɗai. A 2018, a shari'ar Epic Systems, alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce wannan sharaɗi ya zauna daram.

Masu kare tsarin suna cewa ai ba wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya, kuma sasantawa ta fi kotu sauri da araha. Ni ma ba na raina sulhu. Sai dai sulhun da muka sani, bayan rigima ta auku ake yin sa, kowa ya san abin da ya yafe, kuma kowa na iya kaɗe rigarsa ya tashi. Wannan kuwa an ƙulla shi tun ba a yi laifin ba, wanda zai iya yin laifin ne ya rubuta shi, wanda ya sa hannu kuma kuɗin haya na jiransa. A ganina ba za a kira wannan yarda ba, tunda a'a ba ta cikin amsoshin da yake iya bayarwa.

Ga kuma lissafi, mai karatu. Abin da manaja ɗaya ke bi sau da yawa bai kai ladan lauya ba, don haka sai ya haƙura. Hukuncin mai sasantawa kuwa galibi a rufe yake, abokin aikinsa na kantin gaba ba zai ma ji labari ba. Da mutanen Family Dollar sun sa hannu a irin takardar nan, da kowannensu shi kaɗai zai zauna gaban lauyoyin kamfanin.